Ɗana ya nace sai ya koyi hawan igiyar ruwa a Legas, in bar shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne, ina kasuwanci a Legas, iyalina suna tare da ni a Agege. Ɗana mai shekara 15 ya bi abokansa Tarkwa Bay, ya ga yara suna tsayawa a kan allo igiyar ruwa tana kwaso su, tun daga ranar ba mu huta ba. Wayarsa cike take da bidiyon masu wannan wasa da na masu zamiya da allo a kan dusar ƙanƙara, wai duk abu ɗaya ne. Mahaifiyarsa ta ce ko kusa, wasan Turawa ne, kuma teku ba shi da amana. Yaron ya iya iyo, a dam ɗin garinmu ya koya. Mene ne gaskiyar wasan nan? In bar shi ko in hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bar shi, amma ba gobe ba, kuma ba shi kaɗai ba. A cikin duk abin da ka rubuto, wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa ya iya iyo a dam. Nan haɗarin yake, domin yaron da bai iya ruwa ba yana tsoronsa, wanda ya iya na dam kuwa gani yake ya gama da ruwa.

Bari in fara sallamar maganar Hajiya ta farko. Hawan igiyar ruwa ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Mutanen tsibirin Hawai sun daɗe suna yinsa, sarakunansu da talakawansu, kafin jiragen Kyaftin Cook su isa can a 1778. Wani ɗan Hawai mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci zinare a ninƙaya a gasar Olamfik ta 1912, shi ya yi ta nuna wasan a Amurka da Ostareliya har ya bazu. A nan gaɓarmu ma tsohon abu ne. Masanin tarihi Kevin Dawson ya tono rubuce-rubucen matafiya da suka ga 'ya'yan masunta suna bin igiya da guntun katako a ƙasar da ake kira Gana yanzu tun wajen shekarun 1640. A 1834 wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna shiga teku da alluna marasa nauyi a ƙarƙashin cikinsu, su jira igiya ta taso, ta mirgino da su gaɓa. Yau a Dakar akwai Cherif Fall da Khadjou Sambe, mace ta farko a Senegal da ta mayar da wasan sana'a, a Gana akwai matasan Busua da Kokrobite, a Laberiya akwai na Robertsport. Italo Ferreira na Brazil, wanda ya fara cin zinaren maza lokacin da wasan ya shiga Olamfik a Tokiyo a 2021, ɗan mai sayar da kifi ne, kuma a kan murfin kular kifin babansa ya fara koyo.

Maganarta ta biyu kuwa, cewa teku ba shi da amana, tana da gaskiya, sai dai abin da ake tsoro ba shi ne ke kisa ba. Mutane suna tunanin kifin shak, alhali waɗanda yake kashewa a duniya baki ɗaya ba su cika wuce 5 zuwa 10 a shekara ba. Nutsewa kuwa, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana cin rai kimanin 300,000 a shekara. A bakin teku mai igiya, babban mai jawo wannan shi ne abin da nake kira ruwa mai ja.

Ga yadda yake faruwa. Kowace igiya da ta fashe tana tura ruwa gaɓa, ruwan nan kuma dole ya koma. A ƙarƙashin ruwa, ɗan nesa da gaɓa, akwai tudun yashi a kwance. Inda tudun ya sami ɓaraka, ko kusa da duwatsu, nan ruwan da ya taru yake kwarara ya koma teku, kamar yadda mai noman rani yake fasa bakin kunya ruwa ya bi ta ƙofa ɗaya. Faɗinsa sau da yawa bai wuce mita 10 zuwa 25 ba, amma gudunsa yana iya kai kusan mita 2 da rabi a daƙiƙa ɗaya, wato ya fi ƙarfin gwanin ninƙaya na Olamfik. Masu ceto a Amurka sun ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da suke tsamowa a bakin teku mai igiya wannan ruwan ne ya ja su.

Mugun abin shi ne kamanninsa. Ka tsaya a kan yashi ka duba: dama igiya tana fashewa fari fat, hagu ma haka, a tsakiya kuma ga wani wuri lumui, ruwan ya ɗan yi duhu, ba kumfa ba hayaniya. Baƙo yana zuwa can zai nufa, yana ganin ya sami wuri mai sauƙi. To nan ne bakin magudanar. In ka ƙura ido za ka ga leda ko tarkace ko kumfa suna tafiya ciki, ba waje ba. Da yawa daga labaran da ake bayarwa cewa 'yan ruwa sun ɗauke wane a wurin da ruwa yake kwance, in ka bi diddigi wannan ne.

Ruwa mai ja ba ya danna mutum ƙasa, nesa da gaɓa yake kai shi. Abin da ke kashe mutum shi ne firgita: ya ga gaɓa tana nisa, ya juya yana iyo da ƙarfi gaba da gaba da ruwan, cikin minti biyu ko uku hannuwa su mutu. Faɗan da ya fi ƙarfinka, in ji Hausawa, mayar da shi wasa. Ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu ɗaya a gan shi, in da sauran ƙarfi ya yi iyo ta gefe, daura da gaɓa, har ya fita daga layin ruwan ya shiga inda igiya ke fashewa, ita za ta turo shi gida. Idan yana da allo kada ya kuskura ya sake shi. Gwanaye ma da gangan suke shiga ruwa mai ja ya kai su bayan igiya ba wahala, amma wannan karatun gaba ne.

Dam ba ya koya wa yaro ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba ya koya masa abin da zai yi in igiya ta kife shi ta juya shi a ƙasa bai san sama ba bai san ƙasa ba, gishiri a ido, yashi a hanci, ya ɗago ya sami wata tana jiransa. Daƙiƙa biyar ce ko shida a ƙaramar igiya, amma wanda bai saba ba ji yake kamar ba za ta ƙare ba. Shi ya sa kafin maganar allo nake so ka kai shi wurin ninƙaya ka tsaya ka gani da idonka: ya yi mita 200 bai taɓa bango don hutu ba, sannan ya tsaya a wuri mai zurfi minti 10 ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. In ya kasa, ba a hana shi ba, an ɗaga ne sai ya iya.

Wurin da ya gani kuwa ya yi dace. Tarkwa Bay tana bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, tsakanin dogayen katangun duwatsu da aka jera a farkon ƙarni na 20 don kare hanyar jirage. Katangun suna rage ƙarfin teku, igiya kuma tana dukan dutse ta dawo ta haɗu da mai bi mata, sai ta yi tsini a wuri ɗaya, wanda masu wasan suke so. Ƙetaren katangar akwai gaɓar da ke wajen hasumiyar fitila, buɗaɗɗen teku ne, igiyarsa nauyi gare ta, ba wurin ɗan koyo ba ne. Haka yawancin gaɓar Lekki: yashin yana gangarawa da sauri, igiya tana fashewa daf da ƙafarka, tana iya karya wuya. Tarkwa sai ta jirgin ruwa ake zuwa, don haka rigar ceto a jirgi wajibi ce, kuma a dawo da sauran rana.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Igiyoyin da ke zuwa Legas ba iskar Legas ce ke tayar da su ba. Guguwa ce can kudancin Tekun Atlantika, dubban kilomita daga nan, kuma ta fi ƙarfi daga wajen Mayu zuwa Satumba, lokacin sanyin kudancin duniya. A watannin nan teku yana cika yana batsewa. Ɗan koyo ya fara da rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iskar hunturun nan da ke fasa mana leɓe a Arewa, in ta iso gaɓa daga tudu take busowa zuwa teku, sai ta riƙe fuskar igiya ta yi sumul. Ko ba hunturu, safiya ta fi yamma, domin da rana ta take iska takan juyo daga teku ta dagula ruwan.

Kada ka saya masa ɗan gajeren allo mai tsinin baki irin na cikin bidiyo, ko da ya yi kuka. Na koyo dogo ne, kimanin ƙafa 8, mai faɗi, an lulluɓe shi da soso don in ya buge shi ko ya buge wani kada a ji ciwo. Yana da igiya da ake ɗaurawa a idon sawun ƙafar baya. A fara da haya. Tufafi kuwa riga mai kama jiki da wando mai wuce gwiwa sun wadatar, sun rufe al'aura kuma sun kare ƙirji daga gogar allo. Ruwan Legas ɗumi gare shi, ba a buƙatar rigar roba. Jins ko doguwar riga kam a'a, in sun sha ruwa nauyi suke yi.

Darasin farko a kan yashi ake yi. Ya kwanta rub da ciki a kan allo, tafukan hannu a ƙarƙashin ƙirji, ya tura jiki sama ya jawo ƙafafu lokaci ɗaya, ya tsaya a karkace, gwiwa a lanƙwashe, ido a gaba. Duk wanda ya kalli ƙafarsa ya faɗi. Daga nan sai ruwa iya ƙugu, a cikin kumfar igiyar da ta riga ta fashe, malami yana riƙe da allon yana tura shi. In zai faɗi ya faɗi a baje, kada ya yi tsalle da kai, ya ɗago da hannuwa a kan kansa saboda allon yana iya dawowa.

Akwai kuma ladabin ruwa, wanda ba a rubuce yake ba amma ko'ina a duniya an san shi. Igiya ɗaya, mutum ɗaya. Wanda ya fi kusa da inda ta fara fashewa shi ke da ita, shiga gabansa kuwa babban laifi ne, a wasu gaɓoɓin Kalifoniya da Hawai har dambe ake yi a kai. Mai komawa ciki ya zagaya, kada ya ratsa ta hanyar mai tahowa. Kuma 'yan gida suna da fifiko. Yaran Tarkwa da ɗanka ya gani yawancinsu a nan suka tashi, wasu allo ɗaya mai faci suke karɓa-karɓa su uku ko huɗu. A Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, iyalai da yawa suka rasa matsuguni. Ɗan Alhaji da ya zo daga Agege da sabon kaya ya yi sallama, ya gaida manya, ya jira layinsa. 'Yan gidan ne suka san inda ruwa ke ja yau, wanda ba lallai ne ya zama inda ya ja jiya ba, kuma su ne za su fara isa gare shi in wani abu ya faru. A cikinsu za ka nemo masa malami, babba, wanda mutanen wurin suka shaide shi. Ka je da kanka ka gan shi, ka tambaye shi abin da zai yi in ruwa ya ja yaron. Amsarsa za ta nuna maka ko ya cancanta.

Batun dusar ƙanƙara, yaron bai yi ƙarya ba, dangi ne. Allo mai taya ya fito ne daga masu hawan igiya na Kalifoniya a shekarun 1950, suna neman abin yi ranar da teku ya kwanta. Na ƙanƙara kuma wani Ba'amurke ne a jihar Mishigan, Sherman Poppen, ya haɗa wa 'ya'yansa mata a 1965, aka yi ta gyara shi har ya shiga Olamfik a Nagano a 1998. Tsayuwar iri ɗaya ce, a karkace, ana juyawa da diddige da yatsu. Amma a ƙanƙara ƙafa a ɗaure take da allon, dutsen kuma yana nan ba ya motsi, kana iya maimaita gangara ɗaya har ka gaji. A teku yawancin lokacin a kwance kake kana tuƙi da hannu kana jira, tsayuwar ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. A Afirka wuraren ƙanƙarar ba su da yawa: Oukaimeden a duwatsun Atlas na Maroko, da Afriski a Lesoto, inda ake yi daga Yuni zuwa Agusta. Wanda ya fi kusa da mu shi ne na rairayi, da ake yi sosai a Namibiya da Peru, ana goga kaki a ƙasan allo a gangaro daga tudu. Tuddan rairayi kam muna da su, a Yusufari ta Yobe da yankin Agadas.

Idan yana son abin da zai riƙa yi a tsakiyar mako, allo mai taya a filin da ba motoci zai gyara masa tsayuwa, da hular kwano a kai. Ranar da za ku fara zuwa Tarkwa kuma, ka tafi da Hajiya in za ta yarda, ku sami inuwa ku zauna minti 20 kafin kowa ya taɓa ruwa, ka ce wa yaron ya nuna muku da yatsa inda ruwa ke ja. In bai gano ba, malamin ya nuna masa, ranar a tsaya iya ƙugu.