Ya Rubuta Min Gida Kafin Ya Rasu, 'Ya'yan Uwargida Sun Ce Takarda Ce Kawai

TAMBAYA: Barista, mijina ya rasu wata biyu da suka wuce. Mu biyu ne matansa, ya bar 'ya'ya maza shida da mata biyar, mahaifiyarsa kuma tana raye. Tun yana lafiya ya rubuta cewa gidan da muke ciki a Kurna ya ba ni kyauta, mai unguwa da limaminmu suka sa hannu. A gidan ya ci gaba da zama har Allah ya yi masa cikawa. Yanzu babban ɗansa ya ce sai an sa gidan cikin gado. Sannan sunana ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusanciyarsa. Mene ne haƙƙina? Daga Maman Abba, Kurna.

AMSA: Allah ya jiƙan maigida, ya ba ki haƙurin takaba. Hajiya, maganar da zan faɗa ba za ta yi miki daɗi ba, amma gara ki ji ta a nan da ki ji ta a gaban alƙali bayan kin kashe kuɗin lauya.

Kotunan Shari'a a Kano da mazhabar Malikiyya suke hukunci, kuma a Malikiyya kyauta ba ta kammala sai da hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana raye, kafin ciwon ajali ya kwantar da shi. Takarda da shaidu suna tabbatar da cewa ya furta. Tambayar alƙali ita ce: ya saki gidan? A nan gizo ke saƙar. Muhtasar Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya, ya bambance abin ƙarara: mace in ta bai wa mijinta gidan da suke zaune, kyauta ta zauna, miji in ya bai wa matarsa gidan ya ci gaba da kwana a ciki, ba a yi hauzi ba, domin dama matsugunin iyali wajibinsa ne. Da gidan haya ne ya ba ki, ke ce ke karɓar kuɗi a hannun 'yan haya, da magana ta sha bamban.

Wani zai ce miki to a ɗauke ta a matsayin wasiyya. Nan ma ƙofa a rufe take: babu wasiyya ga mai gado. Sulusin da aka yarda mutum ya yi wasiyya da shi na waɗanda ba sa gado ne, kamar agola ko masallaci. Sai fa in sauran magada sun yarda da bakinsu bayan rasuwa, kuma yardar baligi kaɗai ake lissafawa, a kan kasonsa. Ba wanda zai yafe kason maraya ƙarami a madadinsa, ko da uwarsa ce.

Batun banki gajere ne. Sunan da ke fom na wanda za a tuntuɓa ne. Kuɗin na gado ne, banki kuma zai nemi takardar kotu kafin ya saki.

Yanzu ga inda nake ganin mafitarki. Mu ƙaddara bayan kuɗin jana'iza da biyan bashi, dukiyar duka, har gidan, ta kai naira miliyan 24. Tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas na matan aure, miliyan 3 ne, ke da uwargida miliyan 1.5 kowacce. Mahaifiyarsa tana da sudusi, wato kashi ɗaya cikin shida, miliyan 4. Sauran miliyan 17 na 'ya'ya ne: namiji miliyan 2, mace miliyan 1, kamar yadda aya ta 11 da ta 12 na Suratun Nisa'i suka tsara. Ba ki faɗi yawan naki 'ya'yan ba, amma in maza biyu ne da mace ɗaya, ɗakinki ya tashi da miliyan 6.5. Ki roƙi kotu ta tura masu kiyasi su yi wa gidan kuɗi, a ba ku shi a matsayin kasonku, in da ciko ku cika. Alƙalai suna son irin wannan sulhu, ya fi a yanka gida ɗaki-ɗaki, kowa ya ja katanga, a ƙarshe a sayar wa dillali a wulaƙance.

Takardar nan kuma kada ki yar. Ki kai wa surukarki tare da limamin da ya sa hannu, domin nufin ɗanta ne a rubuce, kuma sau da yawa tsohuwa kan yafe nata kason a gidan saboda jikoki.

A halin yanzu ba mai ikon fitar da ke: wata huɗu da kwana goma na takaba a ɗakinki za ki yi su. In aka tsananta miki, ki shigar da ƙarar rabon gado a Babbar Kotun Shari'a, hukuncin da bai gamsar da ke ba kuma ana kai shi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin gado, kyauta da wasiyya. In gidan yana da takardar mallaka ta gwamnati, ku karɓi takardar rabon gado daga kotu ku je a canza suna a ma'aikatar ƙasa, kada ku bar shi da sunan marigayi.