Ƙuri'armu a nan take, ɗan'uwa

Ka tambaye ni me ya sa ba ka jin bakin 'yan zangon Kumasi ta ƙasar Ghana idan zaɓen Najeriya ya zo, har ka ce ko mun bar Hausancin ne. Ɗan'uwa, a unguwar Aboabo ta Kumasi aka yanke cibiyata, a nan aka binne kakana. Ƙuri'ata a mazaɓar Asawase take, kuma ranar 7 ga Disamba nake kaɗa ta duk bayan shekara huɗu.

Kafin ka fahimci abin da wayar hannu ta yi mana a harkar siyasa, sai ka san 1969, shekarar da gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta kori baƙi marasa takarda. Motoci suka kwashi maƙwabtanmu, wasu a nan aka haife su. Daga ranar kakata ba ta sake ɗaga murya a kan siyasa ba, ko a tsakar gida sai da raɗa. Yau 'yarta, mahaifiyata, wadda ba ta yi boko ba, takan danna WhatsApp ta aika saƙon murya da Hausa zuwa zauren matan unguwa: ku fita rajista, kada wata ta bar katinta a gida. Lokacin rajista wani ya dubi sunan ƙanena ya ce shi ba ɗan ƙasa ba ne. Kafin la'asar maganar ta zagaye zauruka, dattawa biyu suka je suka tsaya masa.

Zaɓen 2024 ya raba mu gida-gida. Wasu suka ce Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyya mai mulki a lokacin, Musulmi ne, a bi shi. Wasu suka ce tsadar rayuwa za a duba, suka bi Mahama, ɗan takarar adawa. An yi ta kai ruwa rana a Facebook da TikTok, ƙarya ma ta yawata, musamman muryoyin da ba a san mai su ba, waɗanda tsofaffi kan ɗauka kamar hadisi. Da Bawumia ya amince da shan kaye washegarin zaɓe, a waya muka fara ganinsa, unguwa ta lafa.

Abin da ke min ciwo shi ne idan yaranmu suka yi bidiyon neman ƙuri'a, sai mutanenku su shigo su yi ta dariyar Hausarmu, wai ba mu raba "ya" da "ta", wai mun cika ta da Twi, yaren Asantawa. E, matata Ba'asantiya ce, ta musulunta tun kafin aurenmu, 'ya'yana suna jin yaren kakanninsu na uwa. Amma da Hausa suke gaishe ni da asuba, a durƙushe. A nan ana ce mana baƙi, ku kuma a can kuna ce mana Hausawan rabi. Ɗana ya goge bidiyonsa sau biyu saboda maganganun 'yan Kano, ni na sa shi ya mayar.