Ga mai tambaya kan mage da kiɗa

'Yar'uwa, da na karanta tambayarki sai da jikina ya yi sanyi, don abin da kika ce magenki na yi, ɓuya a ƙarƙashin gado da ƙin abinci duk sanda aka yi tsawa, shi na sha da tawa. Kin ce ko da gaske kiɗa na kwantar musu da hankali? Yana yi, amma ba kowane iri ba.

Tawa nokawut ne ya fara firgita ta. Kin san Jos in Disamba ta kama. Yaran maƙwabcinmu suka kunna ɗaya suka wurgo mana tsakar gida, tana kwance a bakin murhu tana jin ɗumi. Wallahi ban taɓa ganin dabba ta yi irin wannan tsalle ba. Ta shige bayan firji ta maƙale, idanu duk waje, in na miƙa hannu sai ta yi mini huci, ni da nake ba ta kifi a tafin hannuna. Na je wurin uban yaran, sai ya yi dariya, wai "Hajiya, a kan mage kika ɗauko mayafi?" Na tuna masa hadisin matar da ta shiga wuta saboda ta kulle mage, ya juya mini baya. Har yau in mun haɗu gaisuwa ce kawai. Bayan nan magen tawa ta riƙa lasar cikinta har gashin wurin ya zube, tana fitsari a katifa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Likitan dabbobi ne ya kawo mini maganar kiɗa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Wisconsin ta Amurka sun gano cewa maguna ba su cika kula da kiɗan mutane ba, sun fi zuwa kusa da wanda aka tsara musu, mai kama da gur-gur ɗin da suke yi in ana shafa su da sautin tsotson nono. A 2019 kuma Jami'ar Jihar Luwiziyana ta nuna irin wannan kiɗan na rage musu firgici a wurin likita. Akwai shi a YouTube.

Don Allah ki rage sauti sosai. Kunnen mage na kama sautin da ya kai wajen hats (ma'aunin kaifin sauti) 64,000, namu bai wuce 20,000 ba, abin da kike ji ƙasa-ƙasa ita yana cika mata kai. Kiɗan biki da ganguna kam, a'a. Kuma kada ki jira sai hadari ya haɗo. Ki riƙa kunnawa tana cin abinci ko tana gyangyaɗi, ta saba da shi cikin daɗi. Ni karatun Alƙur'ani ma ina sa mata a hankali, tana lafawa.

In ta ɓuya kada ki jawo ta, yara ma ki hana su. Ki aje kwali da tsohon zanenki a ciki, ki rufe tagogi. Fitsarin nan kuwa, in taki ta fara, ki kai ta a duba mafitsara, musamman in muzuru ne yana yunƙuri ba ya fita, wannan ba a kwana da shi. Wace unguwa kike? In kusa da Rikkos ne, ina da ƙaramar sifika da ba na amfani da ita, ki aiko a karɓa.