Kifin ƙanƙara da burbushin nukiliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina soya kifin ƙanƙara ina sayarwa ranar kasuwa. An ce mini gwajin bama-baman nukiliya ya gurɓata teku, wai kifin yana jawo ciwon daji. Shin in bar sana'ar?
Wata mai karatu daga Ringim, Jihar Jigawa

AMSA: Wa alaikis salam, Hajiya. Kada ki bar sana'arki, ko da yake maganar tana da asali. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta tayar da bam a tsibirin Bikini da ke tekun Fasifik, tokarsa ta zubo wa masunta 23 na wani jirgin Japan, ɗaya ya rasu bayan watanni, aka kuma zubar da kifi mai yawa. Mu ma abin ya matso kusa da mu, domin Faransa ta yi nata gwajin a hamadar Aljeriya a 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961.

To amma a 1963 Amurka, Birtaniya da Tarayyar Sobiyat suka amince su daina gwaji a sararin sama da ƙarƙashin ruwa, gwajin sama na ƙarshe kuwa Sin ce ta yi shi a 1980. Sinadarin burbushin nukiliya da ke shiga tsokar kifi, siziyom-137, rabinsa yana mutuwa duk shekara 30. Na wancan zamani bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ya rage ba, ga shi ruwan teku ya tsinka shi. Titus da shawa da kike saro galibi daga Atilantika suke, kuma abin da ake aunawa a jikinsu bai ko kusanci iyakar da aka gindaya wa abinci ba, wato bekerel (ma'aunin burbushin nukiliya) 1,000 a kilo.

Abin da ya fi damunmu shi ne narkewa a hanya. Idan titus ya ɗumama, ƙwayoyin cuta na haifar da sinadarin histamin a namansa, kuma suya ba ta kashe shi, komai zafin mai. Wanda ya ci, cikin sa'a guda fuskarsa za ta yi ja, ga ƙaiƙayi, ciwon kai da gudawa. Don haka ki buɗe katan kafin ki biya. Idan kifin ya manne a dunƙule, ko jini ya daskare a gindin katan, ya taɓa narkewa aka sake daskarar da shi, ki ƙyale shi. Ki yanka wanda za ki soya nan take kawai, sauran ya zauna a kula cikin ƙanƙara, a inuwa.