Tambayoyinku: An yi wa Baba aiki an bar cikinsa a buɗe

Wani daga Samaru: Likita cikina na kumbura in na ci wake, ko jijiya ce?

Iska ce malam, rage waken da lemon kwalba. Amma in ciwo ya zo farat ɗaya yana soka har gadon baya ga jiri ga zufa, sai asibiti nan take.

Wata daga Tudun Wada: Babbar jijiyar jinin cikin Babanmu ce ta fashe aka yi masa aiki, daga baya ciki ya kumbura tim fitsari ya tsaya, suka mayar da shi tiyata suka bar cikin a buɗe an rufe da leda. Kawu ya ce a ɗauko shi a ba shi jiƙon kanwa da sassaƙe.

Innalillahi. 'Yar uwa dan Allah ki faɗa wa Kawu kar ya soma. Wanda jijiyar nan ta fashe masa jini ya riga ya taru ya daskare ta bayan hanji, ga ledojin jini da ruwa da aka yi ta ƙara masa don ya rayu, shi kansa hanjin sai ya kumbura, ciki kuma iya girmansa kenan, to sai matsi ya hau. Ƙoda ce kan fara nunawa shi ya sa fitsari ya tsaya, sannan a danne huhu daga ƙasa numfashi ya yi wuya, jinin da ke komawa zuciya ya ragu, hanji ma ya rasa jini.

Ta robar fitsari ake auna matsin. In awon matsin ya kai 12 an fara sa ido, in ya wuce 20 kuma ƙoda ko huhu sun fara gazawa, akan gwada sa roba ta hanci a zuƙe ciki, in bai sauka ba dole a buɗe. Ledar nan da gangan aka sa, in kumburi ya sace za su ɗinke, wani kwanaki wani sai makonni.

Kanwa kuma? Mutum ƙodarsa na neman tsayawa a ɗura masa kanwa, haba jama'a! Ko ruwan rubutu kar a ba shi a ɓoye, hanjin bai aiki tukuna zai iya amai ya shaƙe. A yi masa addu'a a bakin gado, ba mai hanawa. Kuma kar kowa ya sa hannu a takardar ɗauke shi daga asibiti kafin likitoci su sallame shi. Bayan an sallame shi ma, in ciki ya kumbura, ko zazzaɓi, ko kashi da jini, ku koma asibiti ko tsakar dare ne.

Wani daga Sabon Gari: Ana gadon wannan cuta ta babbar jijiyar jinin ciki?

Akan samu a dangi, amma sigari ce kan gaba, hawan jini ma na ƙara haɗarin. In ka kai 65 kuma ka taɓa shan taba, je asibitin koyarwa na Shika a yi maka sikanin ciki.