Amsar Gwaggo kan maganar 'yan tsakin nan naki

Wa alaikumus salam 'yata, na ga saƙonki tun bayan la'asar, baƙi ne suka tsare ni. Kin ce kin biya kuɗin 'yan tsaki 50 na gidan gona, surukarki kuma ta ce ki kife su da kwando ki watsa musu tsaki kamar yadda aka saba, wai gina musu wurin ɗumi ɓata kuɗi ne na 'yan boko, shine kike tambaya ta ya ake yi a da, kuma wanne za ki bi.

To kar ki yi mata musu, abin da ta faɗa haka muka taso muka gani. A gidanmu kaza takan yi kwanci kwana 21 a akurki ta fito da abinta, mu namu kawai mu watsa tsaki, yara su haƙo musu gara, a jiƙa ɓawon maɗaci a kaskon ruwansu, in shirwa ta matsa a kife su da kwando ko a shafa musu shuni. Har ƙwan zabo Inna takan sa wa kaza ta ƙyanƙyashe, shi sai ya kusa sati huɗu. Amma ki lura, duk labarin nan akwai uwa a ciki. Kwandon don shirwa ne, ɗumi kuwa a ƙarƙashin fiffiken uwarsu suke samu. Naki inji ne ya ƙyanƙyashe su, an loda su a kwali tun daga Ibadan sun kwana a mota, marayu ne, ga shi za su iso cikin hunturu. Ke ce uwar yanzu.

Kuma ba wani kuɗi za ki kashe ba. Ki share ɗan ɗakin nan na kusa da madafi ki wanke shi ya bushe, ki samo manyan kwalaye ko silin na falanki ki lanƙwasa ki yi da'ira, faɗi kamar kamu uku, tsayi zuwa gwiwa. Da'ira fa na ce, kar ki bar kusurwa, don in sanyi ko tsoro ya kama su kusurwa suke tururuwa su danne juna, da safe ki tarar da na ƙasa sun mutu. Ƙasa ki zuba ɓuntun shinkafa busasshe kaurin yatsu uku, ki shimfiɗa tsohuwar jarida a kai na kwana uku na farko kar su cika ciki da ɓuntu suna zaton abinci ne.

Sai wuta. Malaman dabbobi suna cewa satin farko digiri 32 zuwa 35, duk sati a rage kamar 3. Ni ban taɓa mallakar ma'auni ba, tsakin su ne ma'aunina, in sun dunƙule jikin wuta suna tsiyau tsiyau sanyi suke ji, in sun gudu gefe sun buɗe baki zafi ya yi yawa, in sun bazu kowa na harkarsa to kin dace. Ƙwan lantarki irin na da mai zafi yana yi, amma kin san halin wutarmu, ƙarfe biyun dare za a ɗauke, saboda haka ki tanadi gawayi. Tukunyar ƙasa ta fi kurfoti, ki huda mata 'yan ƙofofi ki ɗora ta kan bulo a tsakiya, gawayin ki hura shi a waje sai ya zama garwashi ba hayaƙi sannan ki shigar.

Wannan ki ji da kunnen basira don ni ta ci ni. Karona na farko 40 na saya, tsabar tausayi na toshe taga da buhu na ja ƙofa ruf ga gawayi a ciki, da asuba na ƙirga 17 a kwance, ni kaina da na shiga sai da kaina ya sara. Kawunki har yau in ya so tsokana sai ya tuna min. Ki bar kafar iska ta sama ko da sanyin ya kai ina.

Ki kunna wutar tun kafin su iso. Suna zuwa ruwa za ki fara ba su da ɗan sukari ko gulukos, ki tsoma bakin kaɗan daga ciki sauran za su kwaikwaya, bayan awa biyu ki sa abinci. In a faranti ne ruwan ki zuba tsakuwa a ciki, ɗan tsako a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba sai ya nutse. Tsakin gero kaɗai ba zai riƙe irin waɗannan ba, ki sayi sitata, wato abincin 'yan tsaki na kamfani, ko rabin buhu ne.

In Hajiya surukarki ta ba ki maɗaci ki karɓa ki gode, amma ba ya tare annobar nan da ke share kaji lokacin sanyi. Ki karɓi takardar rigakafi wajen wanda ya sayar miki, rigakafin Lasota da na Gumboro ki bi ranakunsu, maganin a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi kuma da ruwan rijiya ake haɗawa, na famfo mai kulorin yana kashe shi. Kajin gidan kuma kar su leƙa ɗakin.

Sati huɗu in gashi ya rufe su sai ki janye wuta, a lokacin kwandon Hajiya zai yi rana in za ki fito da su shan hantsi, ki ce ma ita ta ara miki. Ki turo min hoton da'irar kafin ranar, ki gaida maigidan da yara.