Kuɗina ba za su kai ƙarshen fim ba, in fara ɗauka ko in jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na rubuta labarin fim mai shafi 90, kuma kuɗin da ke hannuna shekara biyu na yi ina tara su. Abokina ya ce in zuba kusan duka a hayar babbar kyamara mu shiga lokeshan, wai in mun gama ɗauka masu kuɗi za su gani su ƙarasa mana, duk abin da ya lalace kuma edita zai gyara. Wallahi barci ya gagare ni, tsorona kar kuɗin su ƙare fim yana tsakiya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tsoron da ya hana ka barci ka riƙe shi da kyau, don ya fi abokin naka hankali.

Fara da ƙirga kwanaki, nan kuɗi ke tsiyayewa. Shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a fim, in kuna iya ɗaukar shafi 6 a rana to shafi 90 kwana 15 ke nan, kuma kowace rana sai ka ciyar da mutane, ka yi jigilarsu, ka biya hayar kaya, ko an yi aiki ko ruwan sama ya hana. Ka zauna da labarin ka ware kowane sin, wato kowace fitowa a labarin, wa ke ciki, ina ne, dare ne ko rana. Duk sin ɗin da ke gida ɗaya a ɗauke su a jere ko da ɗaya a farkon labari yake ɗaya a ƙarshe, saboda kwashe kaya daga wuri zuwa wuri kaɗai na iya cinye muku rabin yini. In lokeshan 20 ka rubuta ka matse su su dawo 5. Sin ɗin dare a waje da na taron jama'a ka rage su. Sai ka cire kashi 10 cikin 100 ka ɓoye don abin da ba a zata ba, kar ma darakta ya san da su.

Yanzu maganar "edita zai gyara". Wallahi ni da nake aikin edita na gaji da jin kalmar nan, kusan kullum sai wani ya shigo min da ita, ya ajiye min faifai a tebur aljihunsa ba ko sisi, yana murmushi wai an gama fim. Ba a gama komai ba. Ranar da aka naɗe kyamara aikin ma rabi aka yi, akwai editin, gyaran sauti, daidaita kala, kiɗa da haƙƙin mai kiɗan, fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto, fosta da talla, kuma duk wannan mutane ne ke yi ba aljanu ba.

Kwanaki aka kawo min wani fim, hoton kamar ka lasa don kyau, sin ɗin da uwa ke yi wa ɗanta bankwana a kicin, ita kuwa 'yar wasan ta yi kuka na gaske. Da na sa abin ji a kunne sai gurnanin firiji daga farko har ƙarshe, muryarta can ƙasa kamar daga rijiya, don da makirfon jikin kyamara suka ɗauka daga nesa. Ba wanda ya tuna ya zare filogin firijin, abin da ba ya cin ko kwabo. Manhaja tana rage ƙara, eh, amma tana tafiya da wani ɓangare na muryar, sai ka ji mutum kamar yana magana cikin gwangwani. Mafita ɗaya ita ce a dawo da 'yar wasan ta sake faɗar kalamanta a situdiyo tana bin leɓenta, ita kuma ta tafi wani aikin, kuma kukan nan ba zai dawo ba. Mai kallo yana haƙuri da hoton da bai kai ba, amma in bai ji me ake cewa ba minti biyu ya kashe.

Kuma masu zuga ku da labarin El Mariachi, wai Robert Rodriguez ya yi fim da dala 7,000, fim ɗin ya fito a 1992 ya shahara, gaskiya ne, sai dai ba sa ƙarasa labarin. Da kamfanin Columbia ya sayi fim ɗin sai da ya kashe ninkin ba ninkin wannan kuɗin wajen gyaran sauti da mayar da shi yadda za a iya haskawa a sinima. Fim ɗin Tangerine na 2015 ma da ake ta cewa da iPhone 5s aka ɗauka, sautinsa da kayan ƙwararru aka naɗa daban. Kai wa ya yi maka alƙawarin zai ƙarasa naka, a rubuce? Mai kuɗin da ya san ka maƙale ba ceto yake zuwa yi ba, sayen wahalarka zai yi a arha.

Don haka ka fara lissafin daga ƙarshe. Je wurin edita da mai gyaran sauti tun yanzu su faɗa maka kuɗinsu, ka ware su gefe, abin da ya rage shi zai gaya maka kwana nawa za ka iya ɗauka. In kwana 10 ne to ka yanke labarin ya dawo shafi 60, ko ka yi gajeren fim tukuna. Ka yi hayar matsakaiciyar kyamara, rarar ka ɗauki mai sauti na gaske da makirfonsa na sanda, kuma a kowane ɗaki kowa ya yi shiru minti ɗaya a naɗi shirun wurin don cike gurbi wajen gyaran sauti, edita zai sa maka albarka. Kowane dare a kwafe abin da aka ɗauka a faifai biyu, kada su kwana a jaka ɗaya. Duk wanda fuskarsa za ta fito ya sa hannu a takardar amincewa kafin a kunna kyamara, har shi abokin naka.